Bazarar da Muka Ja Taru a Tabkin Marke

Ranar wata Laraba ce, bayan an gama ɗaurin gero, shekara biyar kafin Turawa su tattara nasu su tafi, aka kawo mana giwan ruwa cikin ganguna. Ban wuce shekara bakwai ba a lokacin. Muna bakin Tabkin Marke ni da ƙawayena muna wanke ƙore, sai muka ji gurnanin mota daga wajen hanyar Isa, ta yi ta nishi cikin rairayi har ta gaji ta tsaya. Can sai ga mazan garinmu sun saɓo ganguna rataye jikin itace, ruwa na fallatsa musu a baya, wani Bature mai gajeren wando da jajayen gwiwoyi na biye da su yana ɗaga hannu kada su girgiza kayan. Da aka sauke, ya sa 'yar koma ya ɗebo abin da ke ciki ya nuna wa mai gari. Kifaye ne da ba su fi tafin hannun babba ba, farare tas kamar sabon kwano, idanunsu na ƙyalli irin na kyanwa. Mu yara muka yi ta tafi da shewa, don ba mu taɓa ganin kifi ya zo gari a mota ba. Kakata ta wajen uwa, Kaka Tumba, ba ta tafa ba. Ta matsa ta kama guda, ta buɗe bakinsa da yatsa ta leƙa, sannan ta dubi tafintan Baturen ta ce, "Wanga kihi, mi shika ci?" Tafinta ya yi magana da Baturen, ya juyo ya ce ƙananan kifi yake ci, kuma don haka ma aka kawo shi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Isa da Sabon Birni, manoma gero da dawa ne mu, amma tabkin nan shi ne rabin tukunyarmu. A da, ruwan gulbi ne ke cika shi da damina, ya yi ta ja da baya har bazara ta mayar da shi laka. Shekarar da ta gabaci zuwan gangunan aka fitar da mazan gari aikin tilas, suka yi wata da watanni suna jidar ƙasa da kwanduna har suka tare bakin da ruwa ke fita. Daga nan tabki ya yi zurfi, ya shanye itatuwan marken da ke gefensa, ya daina ƙafewa. Ba za ni ɓoye ba, madatsar nan ta yi mana rana. Shanun Fulani sun samu wurin sha, mata suka yi lambun albasa da tattasai, mu kuma muka huta da tafiya rijiya mai nisa. Kaka Tumba da kanta takan ce, "Ni ba ni da hwaɗa da bango, bango ruwa yar riƙe muna." Rigimarta da abin da aka zuba ciki ce.

Don kuwa kifinmu ƙanana ne, karfasa da ƙawara da kurungu da 'yan tarwaɗa, irin wanda yaro zai shiga cikin kainuwa da kwando ya fito da abin miyar gidansu. Ba sai kana masunci ba. Tsohuwa da ba ta da kowa takan sa ƙwarya ta kwashi na yini guda. Kaka tana da wurin banda a bayan ɗakinta, kullum hayaƙin ƙirare na tashi, ƙamshinsa ya bi zanenta da gashinta, har in ta ɗauke ni ina jin kamar kifin ne ya rungume ni. Aikina a gidanta shi ne jera kifi bisa karan dawa da korar kaji da kyanwa, ladana kuma kawunan karfasa da suka ƙone. Ranar kasuwar Bafarawa ko ta Isa, fatake masu zuwa Maraɗi kan biyo su ɗauki abin da ta tara. Amma mafi yawa a cikinmu yake ƙarewa, a daka shi da daddawa a zuba a miyar kuka.

Baturen, wanda muka laƙaba wa Baturen Kifi, shi a ganinsa waɗannan ƙananan ɓarnar ruwa ne. Ya ce sun yi yawa, ba sa girma, ƙaya ce zalla. In giwan ruwa ya cinye su zai zama tsoka mai nauyin ɗan maraƙi, wadda za a kai manyan kasuwanni. Sai dai fa a bar shi ya hayayyafa tukuna. Saboda haka aka yi shela cewa daga ranar ba mai jefa taru ko homa ko ƙugiya a Tabkin Marke sai hukuma ta ce. Aka bi gida gida aka tattara kayan su aka kulle a gidan mai gari. Aka kuma ɗauki mai gadi, aka ba shi baƙar riga da sanda. Mai gadin nan kuwa Kawu Nomau ne, ƙanen innata, autan Kaka Tumba, wanda shi ya koya mini iyo bisa gora tun ina 'yar mitsitsiya.

Shekarar fari ba mu ji a jikinmu ba sosai. Kawu kan kau da kai in ya ga yara da kwando a gefen ruwa, mu kuwa rayuwarmu muke yi. Da safe makarantar allo, da hantsi surfe da kai fura gona, da la'asar carabke da gaɗa a ƙofar gida. Da kaka mu yi kalar gyaɗa, mu gasa fara a tokar kara. In rana ta yi zafi mu tuɓe mu faɗa tabki, mu yi tseren nutso daga wannan kututturen marke zuwa wancan, kuma duk cikin 'yan matan unguwarmu ba wadda ta fi ni daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Sannu a hankali sai kwando ya fara fitowa da sauƙi. Inda a da ƙawara ke tsalle kamar ana watsa tsakuwa, sai ruwa ya kwanta shiru. Wani lokaci kana tsaye sai ka ji wani abu ya yi ɓul a tsakiya, ruwa ya yi da'ira mai faɗi. Agwagwar maƙwabciyarmu ta shiga da 'ya'yanta a jere, ta fito da rabi. Murhun bandar Kaka ya huce, har kaji suka mayar da shi wurin ƙwai.

Baturen Kifi yakan zo bayan kowace damina ya ƙidaya dukiyarsa. Yana da wata dabara da ta ba mu mamaki. Za a jefa masa raga daga cikin ɗan kwale-kwale, a kamo giwan ruwa, ya auna tsawonsa, ya maƙala masa wani ɗan farin ƙarfe a ƙayar baya, ya sake shi. Bayan kwanaki a sake jefa ragar, ya duba nawa ne masu ƙarfe, nawa ne marasa shi, da haka wai yake gane yawan waɗanda ke cikin ruwan duka. Mu muka sa musu suna kifi masu 'yan kunne. Muna tsaye a gaɓa muna kallon kifi ya kai tsawon yaro, ana shafa shi ana mayar da shi ruwa, mu kuwa mun kwana uku miyarmu ba ta ga ko ƙaya ba. Kowane zuwa mai gari zai tambaya ko lokaci ya yi, kowane zuwa tafinta zai ce ba su kai yawan da ake so ba, a ƙara haƙuri.

A shekara ta uku damina ta yi gardama. Gero ya fito da kai kamar yatsa, wake bai yi ba sam. Kafin tsakiyar rani an koma tuwo sau ɗaya, miya kuwa ruwan kuka ne da gishiri. Ƙanena Bawa, da aka yaye bai daɗe ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina ko kuka, sai dai ya zauna inda aka ajiye shi yana bin mutane da ido. A irin wannan shekara tabki ne ke fitar da mu, tun kakannin kakanni. Wata safiya Baba ya ɗinka 'yar homa da tsohon zare ya shiga ruwa. Bai ɓoye ba, kuma Kawu bai hana shi ba. Rashin sa'a, ranar tafintan Bature ya zo duba madatsa. Kafin azahar dogarai sun ɗaure Baba da igiya a ƙugu sun tasa shi gaba zuwa garin hakimi, aka haɗa shi da masu aikin hanya. Aka aiko wa mai gari cewa in aka sake ganin namiji guda da kayan su a tabkin, rawaninsa ne zai tafi. Maza suka ja da baya. Ba tsoro kaɗai ba ne, shuka na tafe, duk wanda aka kama gonarsa ta kwana.

Kaka Tumba ta ji saƙon daga bakin innata, ta sa aka maimaita mata. Sai ta ce, "Namiji anka ce ko? To." Ashe ranar da aka tattara kayan su, tarun marigayi kakana bai fita ba, yana ƙasan rumbunta an danne shi da dawa. Aka fito da shi, gara ta ci wani wuri, ɓera ya ci wani. Mata suka raba shi gida gida, masu kaɗi suka ba da zare, ana daka a tsakar gida don a rufe hira, ana ɗinki a ɗaka. Ba wanda ya gaya wa maza, ko da yake na san sun sani, don a kwanakin nan duk wani magidanci ya zama mai yawan zama masallaci. Wata ƙanwar babana ta ce a bari sai gari ya yi duhu. Kaka ta ce sam. "Ɓarawo ka jiran duhu. Ruwan ubana na, da rana tsaka za ni shiga."

Ranar da muka fita, bazara ta kai maƙura, ruwa ya janye ya taru a wajen madatsa. Da hantsi mata suka fito, tsofaffi da masu goyo da 'yan mata, taru a naɗe bisa kawuna kamar wani dogon maciji, Kaka a gaba da taɓaryarta. Kawu Nomau na zaune gindin tsamiya. Da ya hango mu ya miƙe, ya zo ya tsaya a hanya ya gitta sandarsa.

"Inna, don Allah ki koma gida. Ni za a kama."

"Ka ga Bawa da idonka?" in ji Kaka.

"Na gane shi, Inna."

"To ɗaga sandar ka buge ni, ka cika aikinka. In ba ka iyawa, kauce."

Sai ya jingine sandar jikin tsamiya, ya tuɓe baƙar rigar ya ninke ta ya ɗora a kan sandar, ya koma gefe ya zauna ya dafe kansa da hannu biyu. Bai taɓa tarun ba, bai kuma hana ba.

Mata suka rabu biyu, kowane ɓangare ya kama bakin igiya, suka shiga ruwa har ƙirji. Mu 'yan mata masu iyo aka ba mu goruna, aikinmu mu bi tsakiyar taru mu riƙe shi kada ya nutse. Wata ta ɗauko waƙar daka, sauran suka amsa, aka fara ja. Ba mu yi nisa ba taru ya cije. Ya kama kututturen marke a ƙasa, an ja an ja ya ƙi, zaren da aka ɗinka ya fara tsinkewa. Kaka ta ɗaga murya daga gaɓa ta kira ni, "Ige! Ke kin san wurin ga. Sauka!" Na saki gora na ja numfashi na nutsa. Ƙasa duhu ne da sanyi, na bi igiya da hannu har na taɓa reshen, na fara zare ragar. Ina cikin haka wani abu mai faɗin ƙofa ya bangaje ni a haƙarƙari, na ji kamar jaki ya harbe ni, gefen kuncinsa mai kaifi ya tsaga mini hannu. Na taso ina tari, ruwa ya yi ja a gefena. Innata ta yi salati ta ce in fito. Na dubi gaɓa na ga Kaka kallona kawai take yi. Na sake komawa, na fizge abin da ya rage, na ji taru ya saki.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Da taru ya kusa gaɓa ruwa ya fara tafasa, kifaye na tsalle suna faɗowa kan mutane, mata na ihu suna dariya suna duka da taɓare. Wata tsohuwa ta rungumi guda suka yi ta birgima cikin laka, ɗankwalinta ya tafi. Wasu sun tsallake, wasu sun fasa raga sun wuce, amma waɗanda muka fitar sun rufe gindin tsamiya. A nan aka fara fiɗa. Da aka farke cikin babban, Kaka ta sa hannu ta zaro karfasa uku da ba su gama narkewa ba, ta ɗaga su sama ta juya ko'ina don kowa ya gani. Aka raba nama har gidan mai gari, aka kai wa liman, aka kai wa Fulanin da ke mashaya. Ranar nan kowane murhu a garinmu ya yi ƙamshi. Innata ta tace romo ta riƙa ɗura wa Bawa da ludayi kaɗan kaɗan, ni kuma aka ɗaure mini hannu da sassaƙen bagaruwa.

Da yawa daga cikin kifayen suna da 'yan ƙarafan nan a baya. Wata ta ce a binne su, don su ne shaida. Kaka ta ce a wanke su a kawo mata. Ta sa aka zura musu zare, duk wadda ta kama igiyar taru aka ba ta guda, da ba su isa ba aka bar wa manya. Ni ta ba ni biyu. Saboda haka da dogarai suka iso bayan kwana biyu suna tambayar su wa suka shiga tabki, ba su sha wahalar bincike ba. Mata suka fito ƙofar gidaje, yawancinsu da ɗan farin ƙarfe na lilo a kunne ko a wuya. Babban dogarin ya rasa ta inda zai fara, ya ce to shugabar kaɗai za a tafi da ita. Kaka ta ɗauki butarta ta shiga gaba. Sai mata suka rufe ƙofofi suka bi bayanta, da goyo da komai, muka yi ta tafiya cikin rana har garin hakimi, muka zauna a ƙofar gidansa muka cika fili.

Baturen Kifi na can. Na zaci zai yi ta faɗa, amma sai na ga kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya yi ta kallon kunnuwanmu. Ta bakin tafinta ya ce aikin shekara uku mun ɓata masa, yanzu ba shi da hanyar sanin yawan kifin da ke ruwan, kuma da mun ƙara haƙuri da mun ci riba mai yawa. Ya ce aƙalla a mayar masa da ƙarafansa. Kaka ta gyara zama ta ce wa tafinta, "Hwaɗa mishi na ji. Shi maido muna karhwasammu, mu maido mishi 'yan kunnenai." Wasu fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Hakimi bai yi dariya ba. Ya sa aka tsare Kaka a cikin gidansa, ya ce sauran mu koma. Ba mu koma ba. Muka kwana muka tashi a filin nan, matan garin na miƙo mana fura ta kan danga, Kaka kuma a ciki ta ƙi taɓa abincin gidan sarauta. Ana haka hadari ya haɗu ta gabas, ruwan shuka ya sauka. Ba hakimin da ke son a ce ƙauye guda a ƙasarsa bai yi shuka ba. Washegari aka sako Kaka, bayan 'yan kwanaki Baba ma ya dawo, ya rame, kafaɗunsa duk kanta.

Ba a taɓa yin shelar janye dokar ba, ba a kuma sake aiko mai gadi ba. Kawu Nomau ya rasa aikinsa, ya kuma kasa zama gari, don wasu na ganin ya ci amanar hukuma, wasu na ganin ya daɗe yana cin amanarmu. Ya bi fatake zuwa Maraɗi, sai bayan shekaru ya dawo da mata da 'ya'ya. Bawa ya tashi, gashinsa ya koma baƙi, ya rayu har ya ga jikoki. Maza suka karɓo kayansu daga gidan mai gari, kowace bazara a ja taru a rage manyan. Giwan ruwa bai ƙare ba, amma da aka matsa masa sai karfasa ta fara dawowa cikin kainuwa, Kaka ta kori kaji ta sake hura murhunta. Baturen ya zo sau ɗaya bayan nan, ya tsaya bisa madatsa ya daɗe, ya tafi.

Tabkin bai mutu a hannun Turawa ba. Bayan na yi aure ne aka fara shigowa da ragar roba mai ƙananan idanu, wadda ba ta barin babba ba ta barin jariri, ana jefa ta rani da damina, ba mai cewa a bari. Cikin 'yan shekaru aka share giwan ruwan da karfasar gaba ɗaya. Madatsa ta tsage ba a gyara ba, rairayi ya cike gurbin. Zuwana na ƙarshe, kafin hanyar ta zama abin da ta zama, na tarar da gonar dankali a inda na nutsa. Yanzu ina zaune a birni wurin ɗana, jikokina na sayo kifi daskararre cikin kwali, ba su san ruwan da ya fito ba, ba su kuma tambaya. Wani lokaci in na ji ana hira a tsakar gida cewa an hana kaza, an ƙwace kaza, kowa na cewa sai haƙuri, sai in tuna matan nan da suka rufe ƙofofinsu suka bi tsohuwa guda cikin rana. Yawancinsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Amma sun san abin da yake nasu.